Igiyar Rijiya a Filin Rawa

Gadi nake yi a wani tsohon sito a Gumel, can bayan tasha, lokacin da aka kawo mana masu rawa. Kafin gadi rijiya nake haƙa. Na fi shekara ashirin ina shiga ƙasa, daga ƙauyukan Sule Tankarkar har Gagarawa, sai burtsatse ta zo, sola ta biyo bayanta, mutane suka daina nemanmu. Ban ji haushin kowa ba. Ruwan famfo ya fi sauƙi, gwiwoyina ma sun gaji.

Mai siton ne ya kira ni ya ce za a yi baƙi, mutum uku, sati shida. Wata ƙungiya ce ta ɗauki nauyinsu, ta ba su wurin kwana da abinci, ta ce kowa ya zauna ya ƙirƙiro sabuwar rawa tasa ta kansa, a ƙarshe a tara mutane su gani. Na ce makaɗan fa, ina za su kwana? Ya ce ba makaɗa. Na ce rawa ba kiɗa, to, Allah ya kyauta. Ya ce ni dai nawa in share sito, in cika randa, in hana mutane leƙe.

Ƙarshen damina suka zo, gero ya riga ya fitar da kai. Akwai wani dogo Bakano, da wata mace daga Kaduna wadda aka sauke cikin iyalin mai siton, sai wani gajere mai ƙirar ƙarfi daga Damagaram, zai yi shekara ashirin da takwas. Dukansu Baba suke ce mini.

Satin farko ban ga rawa ba. Da safe su kwanta a siminti su yi ta miƙa, su mirgina dama su mirgina hagu, su tashi su tsaya shiru suna kallon bango. Mai unguwa ya ji labari ya zo da kansa ya duba. Ya zauna a bencina ya daɗe yana kallo ta ƙofa, sannan ya matso ya ce a hankali, "Malam, wannan motsa jiki ne ko jinya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ma gadi nake."

Ya tambaya ko suna salla, na ce suna yi. Ya tambaya ko akwai hayaniya, na ce wallahi na fi su hayaniya. Ya tashi ya tafi.

Daga baya na gane yadda suke aikinsu. Kallon mutane suke yi, su ɗauko motsin jikinsu su gina abu a kai. Bakanon duk Alhamis sai ya tafi kasuwar Maigatari ya wuni yana kallon masu lodin shanu a tirela, ya dawo yana tura iska da kafaɗa yana kauce wa ƙahon da babu. Ta Kaduna ta shiga cikin mata, ta samo faifai guda shida tana ta juya su. Ɗan Damagaram kuwa ba abin da ya kama. Ya fara wannan ya bari, ya fara wancan ya bari. Sati biyu suka wuce, ya koma zama kusa da ni yana shan shayi yana cizon farce. Na tambaye shi in bai samo komai ba me za a yi masa. Ya ce ba za a yi masa komai ba, ba za a sake kiransa ko'ina ba dai. Ya ce wannan ne karo na farko da aka ba shi wuri aka ce ya yi nasa, dā can rawar wasu yake yi.

Ran nan famfo ya ɗauke, na je tsohuwar rijiyar da ke bayan sito na ja guga uku. Ina naɗe igiya sai na ji ya ce, "Baba, sake."

"In sake me?"

"Yadda ka yi yanzu. Yadda ka kafa ƙafa ka ba igiyar baya."

"Kai, ruwa na ja."

"Dakor, Baba, ruwa ka ja. Sake ja."

Dakor ɗin nan tasa ta can ƙetare ce, in ya yarda da magana yake faɗinta, amma ban taɓa ganin ya yarda ya kuma bar abin da ya sa a gaba ba. Na sake zura guga don ya ƙyale ni. Daga nan tambaya ta tashi. Na gaya masa rijiyoyinmu na arewa masu zurfi ne, wata gaba ashirin, wato buɗin hannu biyu sau ashirin, wata ta fi. Mutum biyu ne ke da aikin, na ƙasa da na sama, sauran 'yan ja ne. In ka yi nisa murya ba ta isowa daidai, sai ta zo a dagule, don haka da igiya ake magana. Ka fizga sau ɗaya, a ja guga. Sau biyu, a dakata. In kuwa ka girgiza ta ba tsayawa, to ƙasa ta fara ruftowa ko iska ta ƙare, kowa ya saki abin da ke hannunsa a fizgo ka.

Ya ce wa ya koya mini. Na ce maigidana. Na gaya masa sunan ƙauyen, na gaya masa shekara bakwai na yi a ƙarƙashinsa, ni a ƙasa shi a sama, bai taɓa barin wani ya riƙe mini igiya ba. Na ba shi labarin yadda yake ɗanɗana ƙasa da harshe ya ce saura gaba biyu a sami ruwa, a kuma samu. Na yi ta zuba. Ban san ina da surutu haka ba.

Abu ɗaya ne ban gaya masa ba. Maigidan nan nawa shi ne uban matata. Da na cika shekara bakwai ya ba ni 'yarsa, daga ranar kuma aikinmu tare ya ƙare, don ba yadda za a yi in tuɓe daga ni sai gajeren wando a gaban surukina. Na haɗa 'yan aikina na koma gefen Gagarawa. Shekara ashirin da shida ke nan, in na je ƙauyen daga bakin zaure nake durƙusawa, kaina a ƙasa, in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri, in tashi. In yana da magana ya gaya wa 'yarsa, in ina da ita in gaya mata. Ba faɗa muka yi ba. Haka ake yi, haka na taras. Labarin maigidana ina iya ba kowa, amma in buɗe baki in ce surukina kaza da kaza, wannan bakina ba ya iyawa.

Washegari ya ce ya samo rawarsa. Zai kwantar da rijiya a ƙasa. Za a ɗaura igiya a gindin darbejiyar da ke tsakar filin sito, a miƙe ta har ƙarshen fili, can ne ƙasan rijiya, nan wajen bishiya bakinta. Ran Alhamis muka bi Bakano zuwa Maigatari sayen igiya. Ya ɗauko wata ta roba shuɗiya mai sheƙi, na ce ya ajiye, wannan ta shanya ce. Muka zaga har muka sami ta rama mai kauri a wajen wani tsoho, na murɗa ta na shinshina, na ce wannan.

Da farko shi ne na ƙasa, ni ina zaune ina kallo. Ya yi kyau ƙwarai, ba ƙarya. Ya buɗe hannuwa, ya yi tsalle, ya juya kamar mazari. Na ce, "Wannan rijiyar taka ai tafki ce. Ka buɗe hannu haka a ƙasa, ka bar fatar gwiwar hannunka a bango." Na ɗebo toka na zagaya masa faɗin rijiya a ƙasa, na ce kada ko yatsa ya fita. Ya gwada kwana biyu, kullum sai ya share tokar da ƙafa. Rana ta uku ya zauna yana haki ya ce, "Baba, kai za ka shiga."

Na ce ni ba ɗan rawa ba ne, ina da 'ya'ya har da jika.

Ya ce ba rawa zan yi ba, aikina zan yi.

Na ce aikin da ba ƙasa ba dagin haƙa, mutane suna zaune suna kallo, sunansa me?

Ya yi dariya. Ya kwance igiyar daga ƙugunsa ya miƙo mini, ya ce in nuna masa sau ɗaya kawai. Na tuɓe riga don ba a shiga rami da riga, na yi ɗaurin da muke yi, ta ƙugu ta tsakanin cinya, na shiga cikin tokar na tsuguna. To, abin da ya faru ban shirya masa ba. Jikina ya tuna komai. Yadda ake juyawa a kan diddige kaɗan kaɗan ana sara, yadda ake cika guga da tafin hannu, yadda ake manne wa bango a rufe kai in guga ya tashi kada wani abu ya faɗo, yadda ake ɗaga ido a ga sama ta zama kamar faifai. Da na ɗago, su ukun suna tsaye suna kallona. Ta Kaduna ta ce, "Baba, ka gama mana aiki, mu sai mu tattara mu tafi gida."

Haka na shiga. Na ce wa kaina baƙi ne za su kalla da 'yan unguwa, kuma wanda ya yi shekaru yana fitowa daga rami da taɓo har ido a gaban matan ƙauye ba zai mutu don an gan shi da singileti ba. Shi ya koma na sama. Na koya masa kada ya naɗa igiya a hannu, kada ya kalli mutane, idonsa da hankalinsa a kan igiya. Ya ɗauki ƙarar sara da ƙarar numfashina a waya, ya haɗa ya sa a sifika, wannan ne kiɗan. A ƙarshe ya ce yana son in girgiza igiya, ya jawo ni a hankali a hankali har gindin bishiya. Raina bai so ba. Sau biyu na taɓa girgiza igiya a rayuwata, kuma ba na son tuna ko ɗaya. Amma ya ce nan ne zuciyar abin, na ce to.

Gaskiya na ji daɗin makonnin nan. Da safe gwiwa ta yi ta ciwo, amma ina ɗokin hantsi ya yi mu fara.

Saura kwana biyar a nuna, na zo da safe ban gan shi ba. Bakano ya ce ya hau acaɓa tun da sassafe bai faɗi inda za shi ba. Sai bayan la'asar ya dawo, fuskar nan kamar an yi masa albishir, da ƙwan zabi a ƙwarya.

"Baba, na samo shi!"

"Wa?"

"Maigidanka! Na je har ƙauyen. Yana nan da ransa, ido ne kawai ya yi rauni. Wannan ƙwan shi ya ba ni. Ya ce zai zo."

Na nemi benci na zauna.

"Ka gaya masa abin da zan yi?"

"Duka. Na ce kai ne na ƙasa. Na ce in ba kai ba babu rawar."

"Ka ce masa rawa?"

"Eh mana."

"Ka san ko wane ne shi?"

"Maigidanka."

"Uban matata ne."

Bahaushe ne, ban buƙaci ƙara ko kalma ba. Ya ajiye ƙwaryar a hankali, ya ɗora hannu biyu a ka. "Inna lillahi. Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ana faɗa ne?"

Ya ce zai koma gobe ya ce an ɗaga. Na ce ya je ya yi wa dattijo ƙarya, ran nan kuma labari ya kai ƙauye cewa an yi? Ya ce to zai cire ni, shi zai shiga tokar. Mu biyu mun san in ya cire ni ba abin da ya rage sai igiya. Na ɗauki hulata na tafi gida.

Na gaya wa matata ina tsammanin za ta tausaya mini. Tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta yi ta dariya har da hawaye.

"Malam, rawa? A gaban Baba?"

"Ke, ba abin dariya ba ne."

"Ai shekara bakwai yana ganin cinyoyin nan kafin ni in gani."

"Lokacin ban aure ki ba."

"To sake ni ran Asabar da safe, ka mai da ni da yamma."

Na ce Allah ya shirye ta. Ta ce ai ido ma bai gani sosai, daga nesa ba zai bambanta ni da turmi ba. Na ce ba idonsa ne damuwata ba. Mutumin nan bai taɓa jin wani abin kunya a kaina ba. Talauci ya ji, rashin aiki ya ji, amma bai taɓa jin an ce mijin 'yarsa ya yi abin da za a nuna shi da baki ba. Yanzu da furfurata a ce ga shi can yana rawa da gajeren wando.

Ta daina dariya. Ta ɗauki rariyar ta ci gaba, can ta ce, "Tun rasuwar Inna, Baba bai taka Gumel ba sai zuwa asibiti. Bikin 'yarmu ma aike ya yi. Kana ganin don ɗan Damagaram zai hau mota?"



Kwana biyu ina zuwa sito in share in cika randa in zauna a waje, ban shiga fili ba. Bai roƙe ni ba, wannan na yaba masa. Rana ta biyu na leƙa, na gan shi ya ɗaura igiyar a jarka cike da ruwa, ya sa ta cikin tokar, yana ja shi kaɗai, yana tsayawa yana sauraro kamar jarka za ta fizga. Na daɗe ina kallo. Sannan na shiga na kwance jarkar na ce ya kai ta randa inda take da amfani.

Ran Asabar bayan la'asar fili ya cika. An aro bencina, an jera kujerun roba a gaba. Mutanen ƙungiyar sun zo daga birni da motoci biyu, mai unguwa ya zo, masu adaidaita sahu na tasha sun zo don sun ji maigadi zai yi rawa, mata suna gefe guda. Ƙanin matata ne ya kawo tsohon maigidana a motar haya. Ya rame ƙwarai, ya ranƙwafa, amma hannuwan nan suna nan yadda na san su, manya kamar ba nasa ba. Na je daga nesa na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yana kallon darbejiya. Aka zaunar da shi a kujerar tsakiya a sahun gaba, yana fuskantar inda zan tsuguna.

Ta Kaduna ta fara da faya-fayanta, mata suka yi ta guɗa don sun gane hannun kowace tsohuwa da ta kwaikwaya. Bakano ya yi nasa, masu adaidaita suna ihu suna ce masa ya kula da ƙaho. Ni ina bayan sito da rigata a jiki.

Ana miƙe igiya sai na ga tsohon ya yafito 'yarsa ya yi mata magana a kunne. Ita da ƙaninta suka tashe shi, suka ɗauki kujerar suka kai gindin darbejiya kusa da inda aka ɗaura igiyar, suka juya ta tana kallon katanga. Ya zauna ya ba fili baya, ya ba mutane baya. Wuri ya ɗauki gunaguni. Ɗan Damagaram ya zo wurina da gudu.

"Baba, ya yi fushi. Na kashe ka."

Na ce, "Bai yi fushi ba. Rufa mini asiri ya yi. Je ka kama igiyarka."

Na tuɓe rigar.

Da na shiga tokar na tsuguna, masu adaidaita suka yi shewa, wani ya ce, "Maigadi, a yi a hankali da gwiwa!" Sifika ta fara ƙarar sara. Ban fi minti biyu ba na daina jin kowa. Na sara, na juya, na cika guga, na fizga sau ɗaya. Igiya ta amsa. Na manne, na rufe kai. Da na ɗaga ido wajen bishiya sai na ga tsohon ya miƙa hannun dama ta gefe ya ɗora yatsu a kan igiyar, bayan inda ɗan Damagaram ya riƙe. Bai waiwayo ba. Fili ya yi tsit, har kukan 'yan tsakin maƙwabta ana ji. Na ci gaba. Ban taɓa yin aikin nan da kyau kamar ranar ba, ko lokacin da akwai ƙasar gaske.

Muka zo ƙarshe. Na tsaya, na ɗaga kai, na kama igiya da hannu biyu na girgiza ta.

Yadda muka shirya, ɗan Damagaram zai ƙirga takwas a zuci sannan ya fara ja sannu sannu. Ko ɗaya bai kai ba. Na ji wata murya da na yi shekara ashirin da shida ban ji an ɗaga ta ba: "Ku ja! Ku ja, don Allah, ku ja!" Tsohon ya miƙe tsaye, kujera ta faɗi, ya saɓa igiya a kafaɗa yana fizga wajen katanga. Ɗan Damagaram ya firgita ya ja da ƙarfinsa duka. Ƙanin matata, wanda shi ma ɗan gidan rijiya ne, ya yi tsalle ya kama. Ina tsugune a kan ƙafa ɗaya, sai ga ni a ƙasa rigingine, ana jana a cikin rairayi kamar buhun gero, singileti ta naɗe har wuya. Kafin in ce wani abu na iso gindin bishiya, kaina dab da diddigen surukina.

Bai juyo ba. Ya sunkuya yana haki, ya laluba igiyar ta baya har hannunsa ya kai ƙullin da ke ƙuguna, ya wuce ya sami kaina, ya dafa. Ya ce, ba da ni ba, da ɗansa, "Ya fito?"

"Ya fito, Baba."

"Alhamdu lillahi. A ba shi ruwa."

Matata ta yafa mini mayafinta. Sai tafi ya ɓarke. Baƙin birni suka miƙe tsaye, sun ɗauka duk cikin shiri ne. Wata daga cikinsu tana share ido tana tambayar ɗan Damagaram sati nawa ya yi yana koya wa dattijon. Shi kuwa ya zauna a ƙasa da igiya a cinya. Mai unguwa ne kawai ya zo ya duba bayana inda ya kuje, ya ce, "Malam, ashe dai jinyar ce."

Da mutane suka ragu na sa rigata na koma nesa na durƙusa, don za a mai da tsohon gida kafin magariba. An tayar masa da kujera yana zaune, 'yarsa na tsugune a gabansa. Ya yi magana da ƙarfi yadda zan ji.

"Ki gaya wa mutumin naki, ba a wasa da wannan alamar. Ya sani. Ni na gaya masa tun bai fara gemu ba."

Ta juyo ta ce, "Ka ji."

Na ce, "Ki ce na ji. Na yi kuskure."

Na jira sauran. Na jira maganar rawa, da gajeren wando, da furfura. Ya murza yatsunsa inda rama ta ci.

"Igiyar wa ya zaɓa?"

Ɗan Damagaram ya ce, "Shi ne, Baba."

"Na sani." Ya ɗan yi tari. "Ki gaya masa saransa na nan, amma numfashinsa ya gajarta. Kada ya ƙara shiga rami, na gaske ko na wasa, ya wuce nan. Sannan rijiyar ƙofar masallacinmu tana son yasa, famfon sola kwana biyu yana yi kwana uku ba ya yi. Akwai masu shiga, mai riƙe musu igiya ne babu. In an gama kaka, in yana da sarari."

Matata ba ta ma juyo ba, ta ce, "Yana da sarari, Baba."

Masu rawa suka tafi bayan kwana uku. An gayyaci ɗan Damagaram ya kai rawarsa wani wuri, ya ce in bi shi, na ce an hana ni, kuma wanda ya hana ni ba a yi masa musu. Ya ce dakor, wannan karon da gaske. Ya ce zai nemi wani ya koya masa zama cikin toka, zai kuma cire girgizar, ya sa wani abu. Ya bar mini igiyar. Yana kirana a waya lokaci lokaci, gaisuwa ta farko ya ce yaya Baba, ta biyu ya ce yaya Baban Baba.

Da aka kai gero rumbu na ɗauki hutun sati na tafi ƙauyen. Magidanta biyu ne ke shiga, suna karɓa-karɓa. Ni na riƙe igiya a gabas da bakin rijiya, aka shimfiɗa wa tsohon buzu a yamma da ita. Bai kalle ni ba, ban kalle shi ba. Sai ya leƙa ramin ya ce, "Wannan rijiyar, daga gaba tara akwai farin yashi mai zuba, ba a jingina da shi." Ni ma in leƙa in ce, "Haka ne, irinsa na samu a wata a Gagarawa, sai da muka sa siminti." Ya ce wa rijiyar simintin yanzu ba shi da ƙarfi. Na ce wa rijiyar gaskiya ne. Daga nan muka shiga waɗanda muka haƙa tare, wadda ta ƙafe, wadda aka cike, wadda har yanzu ake sha, da mutanen da suka ja mana igiya, wa ya rasu wa yake nan. Na ƙasa ya gaji ya ɗago murya ya ce, "Wai da ni kuke?" Tsohon ya ce, "Yi aikinka."

Aikin kwana biyu ne, muka yi huɗu. Kullum da azahar a kawo fura, in ɗauki tawa in zaga bayan masallaci in sha, in dawo in tarar ya ajiye maganar daidai inda muka tsaya.